Makwancin Jirgi

Idan la'asar ta yi sakaliya a kan Kwara, tsakanin Yawuri da faɗin tafkin Kainji, mai jirgin da ya san aikinsa yakan rage surutu. Fasinjoji na ta musun farashin albasa, shi kuwa idonsa ya bar tsakiyar ruwa ya koma gaɓa. Ya dubi rana, ya waiwayi gabas, ya ɗan girgiza jarkar mai ya ji abin da ya rage. Ba ya gaya wa kowa lissafin da yake yi, amma yaron da ke zaune a goshin jirgi ya gane, don za ka ga ya fara warware igiya tun ba a ce masa uffan ba. Makwanci ake nema.

Da inji ya sauya murya, jirgi ya karkata, sai ƙorafi ya tashi. Ba a rasa wata 'yar kasuwa da za ta ce, "Haba Maigida, ga gari can muna hange, ka ƙarasa da mu mana." Shi kuma ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Ido ne ya isa, jirgi bai isa ba." Daga nan ba ya sake tanka wa kowa. Ni dai a wannan gardama ina bayansa, ko da kayana ne za su makara kasuwa, saboda abin da ke ƙarƙashin ruwan nan. Kafin a toshe madatsar Kainji a 1968, inda jirgi ke bi yau gonaki ne da daji da garuruwa. An tashi mutum sama da 40,000, tsohuwar Busa ta nutse, amma itatuwan ba duka aka sare ba. Suna nan tsaye a ƙasa, sun ƙi ruɓewa. Da rana kututture yana tona kansa: ruwa ya ɗan yi ƙulli a kansa, ko ka hangi zalɓe tsaye a tsakiyar tafki, ka san ba kan ruwa ya ɗora ƙafa ba. Da dare babu zalɓe, babu ƙulli, sai dai a ji ƙara.

Lokon da ya fi burge fasinja sau da yawa shi mai jirgi ke wucewa ko kallo bai ishe shi ba. Hankalinsa na kan iska. A ƙasarmu hadarin damina daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, kuma bai cika ba da wa'adi ba. Lokon da ya buɗe baki ga gabas, da faɗin ruwa a gabansa, zai kwanta luf da magariba, tsakar dare ya koma matattarar raƙuman ruwa, su yi ta maka jirgi da gaɓa. Don haka ake son tudu ya tsaya tsakaninka da gabas. Iskar hunturu ba ta da wannan sharrin, takan lafa da dare. Sanyinta ne ke cin mutum.

Inda kogi ya yi kwana, ɓangaren waje shi ne mai zurfi, can ruwa ke gudu yana cin gindin gaɓa. Zurfin na jan baƙo, don jirgi zai matsa har jikin ƙasa a sauka ba a jiƙa wando ba. Amma gaɓar da ruwa ya rarake gindinta, saiwoyi suka fito suna reto, ba ta sallama kafin ta zabtaro. Ɓangaren ciki kuma yashi ne, jirgi mai kaya zai iya zaunawa a kai. Abin da ake nema yana tsakani: ɗan lungun da ke bayan hancin dutse, ko bakin wani rafi da ke shigowa, inda ruwa ya gaji da gudu ya juyo baya yana zagaye a hankali. Da tarkace ake gane shi. Kara, ganye, kumfa, silifas ƙafa ɗaya, duk abin da kogi ya ɗauko daga sama a nan yake ajiye shi. Kuma ko an samu, ba a manne wa gaɓa. Reshen da ya sunkuyo kan ruwa hanyar cinnaka ce da maciji, in kuwa balbelu ke kwana a kai, da safe rigar kowa za ta ba da shaida. Ciyawar burgu tana kashe ƙarfin ruwa, amma gidan sauro ce. Ana barin tazarar tsawon jirgi ɗaya ko biyu, inda 'yar iska ke kaɗawa.

In ka ga wata hanya mai sulɓi ta gangaro daga tudu zuwa ruwa, ciyawa ta kwanta, ga manyan sawu masu yatsu huɗu a laka, ta dorina ce. Wuni take cikin ruwa, da dare ta fita kiwo, kuma ta inda ta fita ta nan take dawowa kafin gari ya waye. Wanda ya ɗaure jirgi a nan ya tare mata ƙofa. Wannan ba a tsayawa shawara a kansa, gaba ake yi.

Idan wuri ya yi, yaro ya tsoma gwangwala. Hannu ke karanta ƙasa: yashi na ƙaras-ƙaras, laka na haɗiye sanda ta riƙe, dutse na mayar da bugu har kafaɗa.

"Baba, laka ce."

"Zurfin fa?"

"Iya ƙirji."

"To kafa."

Anga mai ƙugiyoyi irin ta manyan jiragen teku ba ta da yawa a nan. Mai yin aikinta dutse ne mai ɗan wuya da igiya za ta kama, ko tsohon ƙarfen mota, ko giyar injin niƙa da ta ci zamaninta. A wuri marar zurfi ma gwangwala ta wadatar, a caka ta cikin laka a jijjiga har ta zauna. Goshi kullum yana duban inda ruwa ke fitowa. An ƙera jirgi ne ya tsaga ruwa da gaba. Ranar da ya ba ruwa haƙarƙari, duk abin da kogi ya turo sai ya same shi.

Inda na fi son tsayawa kallo shi ne wajen sakin igiya. Mai koyo yakan jefa dutse, da ya ji ya taɓa ƙasa sai ya ja ya ɗaure tamau, yana jiran a yaba masa. Faɗa zai sha. Igiyar da ta miƙe tsaye daga jirgi zuwa ƙasa, duk sanda ruwa ya ɗaga jirgi sai ta ɗaga dutsen, ya ɗan yi tsalle ya zauna gaba kaɗan. A haka a haka jirgi zai yi tafiyar dare kowa na minshari. Dutse na riƙewa ne idan jan ya zo masa a kwance, yana ƙara cusa shi cikin laka. Matuƙan teku sun mai da abin lissafi, suna cewa a saki igiya ninki 5 zuwa 7 na zurfin wurin. Na Kwara ba su kiran lamba. Da gaba suke aunawa, gaba kaza, sannan su tsuguna su dubi yadda igiya ta kwanta cikin ruwa, su ɗora tafin hannu a kanta. In tana rawa a hannu, dutse na jan ciki a ƙasa, sai a sake jefawa. In ta yi shiru, ya kama.

Sannan ruwan da ka kwanta a kansa ba lallai shi za ka tashi a kansa ba. Kwara na cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda aka yi ruwan samansa a tsaunukan Gini, ya biyo ta Bamako, ya bazu a fadamun Mali ya sauke lakarsa, ya share watanni a hanya, sannan ya iso mana garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka. Baƙin ruwa mai natsuwa ne, a hankali yake hawa. Farin ruwa ne mai ba-zata: a tafka ruwan sama a wani dajin da ba ka gani ba, rafin da ka fake a bakinsa ya kawo cikin dare. A ƙasan madatsa kuwa, Kainji ko Jebba, hawa da saukar ruwa na hannun masu buɗe ƙofofi. Igiyar da aka ɗaure gajeriya a jikin saiwa, in ruwa ya hau ta danne goshin jirgi, in ya sauka ta rataye shi, ko a wayi gari yana zaune daram kan laka da buhunan jama'a a ciki. Maganin ba wuya: a soka tsinke daidai bakin ruwa da magariba. Duk wanda ya farka ya haska tocila, ya ga tsinke ya shige ruwa ko ruwa ya bar shi a tudu, ya san abin da ake ciki.

Ruwan kuma da masu shi. Da wuya ka sami lokon da ba tungar masunta kusa, Sarkawa ko Gungawa ko 'yan ci-rani, kuma ruwan da kake gani ba kowa cike yake da kalli da mamari da aka shimfiɗa tun la'asar. Alamarsu ba ta wuce guntun soso ko robar lemo da ke lilo ba, farfela kuwa a juyi ɗaya za ta yanka aikin wata guda. Shi ya sa ake kashe inji tun daga nesa, a ɗaga shi, a shiga da gwangwala. Sannan a yi sallama. Mai jirgi ya sauka, ko ya aika yaro wurin mai tunga ko Sarkin Ruwa da ɗan goro ko sukari: mu ne, daga wuri kaza, za mu wuri kaza, dare ya yi mana. Abin da ake dawowa da shi ya fi goron tsada. "Ku matsa gaba kaɗan, nan akwai kututture." Ko kuma, "Kada ku sauka ta bayan gawon can, dorina na da ɗa."

Wannan yanki ya ga wanda ya tsallake wannan ladabi. Mungo Park, Bature ɗan Sikotilan, ya taso daga Sansanding ta Mali ta yau a ƙarshen 1805, ya yi ta gangarowa Kwara yana gudun sauka gaɓa, kwale-kwalen da ya matso shi sau da yawa da harbi yake tarbarsa. A Yawuri tafintansa ya rabu da shi, bai kuma yi nisa ba tafiyar ta ƙare a duwatsun Busa a 1806. Ba na cewa sallama za ta kawar masa da duwatsun, amma mutanen da ya yi ta wucewa sun san inda kowane yake. A 'yan shekarun nan ma sallamar ta ƙara nauyi. Tun da 'yan bindiga suka sami mafaka a dazukan da ke kewaye da tafkin, jirgin da ya sulale cikin loko da duhu abin tsoro ne ga 'yan tunga, su ma 'yan jirgin a tsorace suke. Lokon da ya fi kowane shiru, wanda a da shi ake nema, yanzu wuce shi ake yi a je inda ake jin kukan yara da haushin kare.

In akwai tudun yashi mai kyau, a sauka a yi jam'i. In babu, salla a cikin jirgi. Ruwan alwala dai ba a roƙonsa, miƙa buta ne kawai. Alƙibla ce aiki. Jirgin da ke kan igiya ɗaya ba ya zama wuri guda. Ka kabbarta kana fuskantar gabas, kafin raka'a ta biyu goshi ya juya da kai. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin maganar: mai salla a jirgin ruwa yana juyawa ya bi alƙibla duk sanda jirgin ya juya, matuƙar da hali. A jirgin da buhu ya hau kan buhu, halin ne ke wuya. Na lura gwangwala ta biyu, wadda ake kafawa a baya, ba kullum don iska ake kafa ta ba. Wani lokaci don dattawa ne su yi isha'i cikin natsuwa. Bayan salla a hura kurfoti a goshi, kan faranti cike da yashi, jarkokin fetur na can baya, mai sigari kuma ya san yau ba ranarsa ba ce. Shayi ne da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, in an yi sa'a 'yan tunga su kawo tarwaɗa.

Daga nan kunne ya karɓi aiki, bayan inji ya wuni yana toshe shi. Sauti na nisa a kan ruwa da dare, musamman bayan wunin zafi, saboda iskar da ke kwance a fuskar ruwa ta fi ta samanta sanyi, sai ta lanƙwaso sautin ƙasa maimakon ya tashi ya ɓace. Za ka ji kiran salla daga ƙauyen da ba ka ganin fitilarsa, ka ji rediyon wani masunci har da tarinsa, ka rantse yana bayan jirgi alhali yana tsallake. Gulma ba ta da sirri a kan ruwa. Kwaɗi na nasu, kirinjijiya na wucewa sama da fito, kifi ya yi tsalle ya faɗa. Mai jirgi bai damu da ko ɗaya ba. Sautinsa biyu ne: bugun ruwa a jikin katako, wanda in ya sauya ya san jirgi ya juya ko iska ta motsa, da kukan igiya inda take gogar bakin jirgi. A nan yake cusa tsumma ko guntun tiyo, don igiya ta fi tsinkewa da guga a kan ja.

An ce dare mahutar bawa, amma ba a isar wa yaron jirgi da saƙon ba. Jirgin katako, ƙusa da kwalta da tsumma, babu wanda ba ya shan ruwa, sai dai wani ya fi wani sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai jirgi har tsawon barcin da yoyon zai ƙyale shi ya yi ya sani. Yaro na kwana inda ruwa ke taruwa, da yankakkiyar jarka a gefensa, ya tashi ya kwarfe, ya koma, ya sake tashi. Akwai kuma kainuwa, ba tamu ta kududdufi ba, mai shuɗin furen nan da asalinta Kudancin Amurka ne, wadda ta mamaye Kwara tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Tafe take fili guda ba ƙara, ta sami igiya ta naɗe, ta bayanta ta zo ta jingina, kafin asuba nauyin da ke jan dutse ya ninka. Sai an tashi da gwangwala ana ture ta. Fasinjan da ya farka da safe yana cewa rabonsa da barci mai daɗi irin wannan an daɗe, gaskiya ya faɗa, sai dai bai san sau nawa aka tsallake ƙafarsa ba.

Duk wannan sani ya taru ne a zamanin da jirgi ke tafiya da ƙarfin damtse. Mai tuƙi da filafili ba ya jiran doka ta ce ya tsaya, kafaɗarsa ke gaya masa, kuma zangunansa a ƙidaye suke tun daga ubansa. Inji ba ya gajiya. Kowane kwana a hanya kuma asara ne ga mai jirgi, sawu ɗaya ya ragu, kasuwa ta ci ba da shi ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin ƙasa ta hana tafiyar dare, amma ba kowace mashiga ce ke da ma'aikaci ba. Jirgin 'yan biki da ya kife a yankin Patigi a Yunin 2023, ya ci rai sama da 100, cikin dare yake tafiya. Na 'yan Mauludi a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, a Oktoban 2024, shi ma da dare ne. Ana yawan maganar lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya, kuma gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an fara samun matuƙan da suka iya gudu, suka iya kwance kafireto su mayar, amma ba su taɓa kwana a loko ba, ba su san ko ɗaya ba tsakanin tasha da tasha. Irin wannan in magariba ta cim masa a tsakiyar ruwa, ko yana son tsayawa, gaba kawai ya sani.

Tashi ya fi kwanciya hayaniya. Da hunturu ruwa na hayaƙi da asuba don ya fi iska ɗumi. Mai alwala ya tsoma hannu ya ji daɗi, ya fitar ya ji jiki. Ba a motsawa sai ido na iya raba kututture da inuwarsa, in hazo ya rufe a ƙara shayi. A kwarfe ruwa na ƙarshe, a ɗaga murya a yi wa 'yan tunga sai wata rana. Gwangwalar da ta kwana a laka ba ta fita da ja, sai an murɗa an jijjiga. Dutse kuma wata rana ya ƙi, ya maƙale tsakanin saiwoyin da ba wanda ke gani. A ja ta nan, a zagaya da jirgi a ja ta can. In wurin ba zurfi, yaro ya tuɓe ya bi igiya ya nutsa, ya fito yana kaɗa haƙora. In ya faskara, mai jirgi ya yi tsaki ya zaro wuƙa, ya sunkuya ya yanke can ƙasa iyakar inda hannunsa ya kai, don igiya kuɗi ce. Shi ya sa ranar kasuwar Yawuri ko Malale, ana tsakiyar sauke kaya, sai a nemi yaron jirgi a rasa. Yana can bayan rumfar makanikai yana tayin tsohon ƙarfe, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya jinjina wancan, yana neman mai nauyi mai huji a tsakiya.